Ranar da Wutsiyar Zabuwa ta Guntule

Unguwar Matsango, Azare.

Zuwa ga ƙanena Abdulsamad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma ruwan Kuros Riba da abincinsu sun fara karɓarka. Allah Ya sa ka gama bautar ƙasa lafiya. Mu nan kowa ƙalau, Baba ma ƙafar ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa. Na kira wayarka ya fi sau ashirin ba ta shiga, shi ya sa na ba wani direba wannan takarda, don maganar ta hana ni zama.

Maganar tsakar nan biyu ce da ka bar mini amana, Ɗorawa da Zabuwa. Ka san ranar da ka kawo akwatin gilashin ko kallonsa ban iya yi ba. Ka ce ba irin ta bango ba ce, malaminku ne ya ba ka don bincike, ba ta da dafi. Na karɓa ne kawai don kai. To, wata huɗu ina kama musu gyare a bayan randa, ina sauya ruwa, ina jiƙa tsumma idan za su yi saɓa, har na saba. Ɗorawa ma takan hau tafin hannuna ta kwanta.

Da zafin nan ya tsananta, Zabuwa ta daina cin abinci. Ranar Talata da hantsi na fito da ita tsakar gida ina duba ta, sai ga Gwaggo Ya Gana ta iso daga Disina ba sanarwa. Tana ganin abin da ke hannuna ta yi salati, ta cire takalmi ta yo kaina. Na juya baya don in kare Zabuwa, na matse ta ban sani ba, sai kawai wutsiyar ta guntule ta faɗi ƙasa tana ta mutsu-mutsu ita kaɗai. Gwaggo ta ce ko ruwa ba za ta sha a gidan da ake kiwon tsaka ba, ta ce ni da kai boko ya gama da mu. Maigida, Baban Halimatu, bai yi faɗa ba, amma ya ce ba zai saɓa wa babba a kan dabba ba, in nema musu wuri kafin Juma'a.

Kwana biyu ina shiga ina fita, na rasa wanda zan tunkara, don duk wanda na faɗa wa sai ya ja baya. Daga ƙarshe na je wurin maƙwabciyarmu Malama Victoria, 'yar Tafawa Ɓalewa da ke koyar da kimiyya a sakandare. Ta zo ta duba, ta ce in kwantar da hankalina, haka Allah Ya yi su, idan sun tsorata sukan yar da wutsiya, wata za ta fito ko da ba ta kai ta farko kyau ba. Ta sa na kwashe yashin akwatin na shimfiɗa takarda don kada ciwon ya ruɓe. Sannan ta ce za ta ajiye su a ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu, inda akwai sanyi, har ka dawo.

Jiya Alhamis na kai su. Baban Halimatu da kansa ya riƙe akwatin a cinyarsa cikin keke, yana ce wa direba ya bi a hankali. Malama ta yarda in riƙa zuwa kullum bayan an tashi ina ba su abinci. Yau Zabuwa ta ci gyare ɗaya.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Amana ka ba ni, na mayar da ita hannun wata ba da izininka ba, ga ɗaya kuma babu wutsiya. Ka yafe mini. Don Allah ka hau ko dutse ne ka nemi inda waya ke shiga, ka faɗa mini da bakinka ko na yi daidai.

Baba da Inna suna sa maka albarka. Halimatu da Hammawa suna gaishe ka. Gwaggo ma ta ce a gaishe ka, amma ta ce akwai magana tsakaninku.

Yayarka mai jiran kiranka,
Kaltum