Romon da na sha a Poland

Inna, don Allah ki tambayo mini Malam: nonona ya halatta?

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki, ya su Baba?

Madam ɗin da nake wa aiki ta tafi da ni hutu Poland, wani ɗan gari cikin duwatsu, kullum ruwa, ko kiran salla babu. Tsohuwar da muka sauka gidanta ta ga ina rawar sanyi, ta miƙo mini romo mai zafi, na shanye. Daga baya direba ya ce na alade ne.

Tunda muka dawo Madina ban ba ɗana Sadiku nono ba. Ya ƙi madarar gwangwani, sai kuka, sai rama.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Baban Sadiku bai sani ba. Rabi da ke rubuta mini kaɗai na gaya wa, ita ma kuka take.