Allurar Maharazu

Litinin, 2 Nuwamba 1964
Maharazu ya zo daga Yamai. Ɗana ne, kodayake lakkol, makarantar boko, ta ƙwace mini shi, gona ta zauna ba mai noma. Wai yanzu wutar lantarkin babban jirgin sama yake tsaro. Ban tambaye shi ba, uwarshi Shatu yake ba labari, ni ina gyaran buhu.

Talata, 3 Nuwamba
Na ji dai. Wutar ba a tsaye take ba, kai da komo take, sau ɗari huɗu kafin ka ƙifta ido. Allura guda ke nuna wannan, wata ta nuna ƙarfinta, ɗari da sha biyar. In sun kauce, jirgi ya makance a sama. Shi kuma yana ciki, idonshi kan allura.
Allura.

Alhamis, 5 Nuwamba
Shekara ashirin ina kai gyaɗa kasuwar Kanan-Bakashe. Ina da dutsena, kilo biyar cif. Na sha aza shi kan ma'aunin masu saye, allura ta ce huɗu, ba kunya. Irin wannan abu Maharazu ya ba ranshi.
Ya ce, "Baba, tamu ba ta ƙarya." Haka mai ma'auni ke cewa. Ya tafi ban raka shi ba.

Talata, 10 Nuwamba
Jirgi ya wuce da hantsi. Na bi shi da ido sai da ƙarar ta ɓace.

Asabar, 14 Nuwamba
Tuwo ba ya shiga. Shatu ta ce, "Malam, tsoro kake." Na ce zazzaɓi ne.
Na ba Ɗanladi direba dutsen ya kai ma Maharazu, da saƙo: duk allurar da ba a gwada ba, kada ya hau. Ba gaisuwa. Ɗanladi har da dariya, wai dutse ba ya auna wuta. Na sani, ai ba jaki ba ne ni.

Juma'a, 4 Disamba
Amsa ta zo da rubutun boko, Ɗanladi ya karanta mini. Maharazu yana da wani ma'auni na hannu, kafin kowane tashi sai ya gwada allurorin jirgi da shi. Wancan sati ya kama guda ta kauce, ya hana a tashi sai da aka sake ta. Manya suka yi ta faɗa, bai motsa ba. Wai tun yana yaro yake ganina da dutse.
Taurin kai dai ba lakkol ta ba shi ba.
Na ce Shatu ta ware mishi gyaɗa, mai kyau. Don kada ta lalace ne.