Murhu Arba'in, Ƙauye Shida

Mubi, 3 ga Maris

Zuwa ga Adda Dorathy,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya maigidanki Baba Zacharia da yara? Na kira ki sau uku waya ba ta shiga, shi ya sa na ba Shafi'u direba wannan takarda.

Albishirinki. Wata ƙungiya daga waje ta haɗa hannu da ƙaramar hukuma don a raba wa mata sabon murhu na ƙarfe, kuma ni aka ɗora a kan aikin. Itace uku kawai yake ci ya dafa tuwo. Su damuwarsu hayaƙin da ke ƙara wa duniya zafi da itatuwan da ake sarewa. Ni kuwa tarin da kike yi a madafa na tuna, na sa sunan garinmu a farko.

Ranar Alhamis za mu zo da baƙi. Tun da ke ce shugabar zumuntar mata ta coci, ki tara mini mata arba'in, har da maƙwabtanmu Musulmi. Su yi kwalliya, za a ɗauki hoto.

Ƙaninki,
Kwaji

*

Daga gida, 2 ga Afrilu

Kwaji,

Muna gaishe ka. Kowa lafiya.

Ka ga yadda mata suka yi maka rawa ranar nan. Ni ma har na yi hawaye da na gan ka tsaye kana Turanci da baƙi. Kwana biyu bayan nan mota ta zo ta kwashe murhun duka, wai za a buga musu lamba a dawo da su. Ni da kaina na bi gida gida ina karɓa, ina cewa, "Ku bayar, aikin ƙanina ne." Mama Rachael ta riga ta fitar da duwatsun girkinta ta zubar a juji. Da kyar ta sake murhun, yana da ɗumi ma.

Yau kusan wata guda ke nan.

Jiya Nafisatu, 'yar maƙwabcinmu Malam Buba da ta yi aure a hayin kogi, ta zo ganin gida. Ta ce su ma an yi musu biki, an ba su murhu, an kwashe bayan kwana biyu. Ta ce, "Adda, nawa ma har da rubutu a gindinsa, D da Z, da jan fenti."

Kwaji, ni na rubuta wannan da hannuna don kada nawa ya ɓace.

Ka gaya mini abin da ke faruwa. Kada ka kira, ka rubuta, ina so in karanta a zaune.

Addarka,
Dorathy

*

Mubi, 9 ga Afrilu

Adda,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa.

Abin da Nafisatu ta faɗa gaskiya ne. Murhu arba'in ne kawai suka iso, alhali ƙauye shida aka yi wa alkawari. Ƙungiyar ta ce ba za ta saki ragowar tallafin ba sai ta ga shaidar rabo a kowane wuri. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na kawo shawarar a riƙa zagayawa da waɗannan arba'in ɗin, ana wanke su ana goge baƙin. Na ce wa kaina dabara ce ta 'yan kwanaki, in sauran sun iso kowa zai samu, ba wanda zai sani. Na fara da garinmu don na san ke kaɗai za ki iya karɓo su daga hannun mata ba tare da rigima ba. Wannan ne abin da ya fi damuna.

An buga rahoton aikin. Hotonki ne a bango, kina dariya riƙe da murhu. An manna babba a ƙofar ofis. Abokin aikina Vandi ya ce, "Wannan ba yayarka ba ce? Kai, ka fitar da ita kunya." Na ce masa na gode. Yanzu ta ƙofar baya nake shiga.

Ina roƙonki, ki ce wa mata an samu jinkiri ne. Ki ba ni wata biyu.

Ƙaninki,
Kwaji

*

Daga gida, 17 ga Afrilu

Kwaji,

Mun gode wa Allah, muna lafiya.

Ban faɗi abin da ka ce ba. Na riga na yi musu ƙarya sau ɗaya ban sani ba, ba zan yi ta biyu ina sane ba. Ranar Talata a taron zumunta na tashi na karanta musu takardarka, daga farko har ƙarshe. Da yamma na shiga gidan Malam Buba na karanta wa matan can.

Da sun zage ka, da ya fi mini sauƙi. A taron zumuntar sai Mama Rachael ta ce, "Kwaji na Saratu? Wanda na goya lokacin da uwarku take asibiti?" Na ce shi. Ta ce, "To." Ta ɗauki sandarta ta fita. Na bi ta gida na tarar tana tonon duwatsunta a cikin juji, na sa hannu muka ɗauko tare.

Na ajiye shugabanci. Sun ce ba laifina ba ne, amma ban iya tsayawa gabansu in ce a kawo kaza, a yi kaza. Baba Zacharia ya daina zama a gindin mangwaro da abokansa.

Abu biyu nake so. Ka cire hotona daga ƙofar nan. Kuma ka zo da ƙafarka ka kalli matan nan. Ban ce ka kawo murhu ba.

Har yanzu ni ce addarka,
Dorathy

*

Mubi, 25 ga Afrilu

Adda,

Ina gaisuwa.

Na cire hoton. Na rubuta wa ƙungiyar duk abin da na yi, da sunana a ƙasa. Sun dakatar da aikin sai sun bincika, ni ma an ce in zauna a gida. Ban san ko ƙauyukan nan za su taɓa samun murhun ba yanzu, kuma wannan ma a wuyana yake.

Zan zo ran Lahadi. Ki roƙa mini Pasto minti biyar bayan sanarwa, da yamma kuma ki raka ni gidan Malam Buba. Ban san abin da zan ce musu ba tukuna. Idan na tsaya na kasa magana, kada ki taimake ni.

Kwaji