Baba Yana Wuce Ƙofar Gidana Kullum, Bai Taɓa Sauka Ba

Assalamu alaikum Anti Naja'atu. Don Allah ki taimaka min da shawara, kaina ya ƙulle, kuma ba maganar da zan kai wa maƙwabta ba ce, don su ne ma suka fara yi da ni. Ki sakaya sunana.

Ni 'yar Gafasa ce ta ƙasar Ajingi, aure ne ya kawo ni Kano. Muna zaune a Tarauni da maigidana da yaranmu uku. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kin kuwa san yadda abin yake a wajenmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Babanmu ba. In zai aike ni sai ya kira ƙanina Abdulsalam ya ce ya gaya wa waccan ta kawo ruwa, alhali ina tsaye a gabansa. Ban taɓa riƙe shi a rai ba, haka na taso na ga ana yi.

Ana gab da faɗuwar damina hawan jini ya kayar da shi a gona, hannunsa na dama da ƙafarsa suka yi nauyi. Allah Ya taƙaita, bakinsa ya dawo, yana takawa da sanda. Likita ya ce sai an yi ta yi masa gashi a wani babban asibiti a nan cikin gari, kusan kullum, har na wasu watanni. Zuwa daga Gafasa a koma kowace rana ba zai yiwu ba. Wallahi Anti, duk da tashin hankalin da nake ciki sai da na ji wani daɗi a ƙasan raina, na ce yau dai Baba zai sauka a gidana, in dafa masa da hannuna, in wanke masa kaya. Muna da ɗakin baƙi mai ƙofa ta waje, ba sai ya ratsa tsakar gida ba. Na share shi tas. Maigidana ya sa aka yi fenti, ya sayo katifa da buta da darduma, duk sabbi.

Ashe ni kaɗai nake ta shirina. Sai labari na ji wai ya sauka a Mariri, a wani ɗan otal na Alhaji Ari, mutumin Gaya, wanda suka yi harkar gyaɗa tare tun suna samari. Otal fa, Anti! Na je na gani, ba zan yi ƙarya ba, wurin tsaf yake, ga masallaci a bakin ƙofa, masu sauka duk fatake ne da direbobi. Amma dai sunansa otal. Wata maƙwabciyata har da tambaya ta wai ko mun samu saɓani da shi ne, da na bar mahaifina yana kwanan haya. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na kira Innarmu ina kuka, ita kuwa me za ta yi in ba dariya ba. Wai yaushe na taɓa ganin Malam ya sha ko ruwa a gaban surukinsa, balle ya kwana a gidansa, ya fito da buta da safe su yi kiciɓis? Ta ce in rabu da shi, duk abin da yake so tana aika masa. Ita ba za ta iya barin gida ba, su Abdulsalam kuma suna fama da noma, don haka shi kaɗai yake can.

Maigidana, Allah Ya saka masa, ya ce to ko ba zai kwana ba, bari ya riƙa ɗauko shi a mota ya kai shi asibiti. Ya je. Da kin ga abin, da sai kin yi dariya, ni ma da na raka shi sai da na juya baya. Ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa, Baba ya sunkuyar da kai, shi ma ya sunkuyar. Suka gaisa, suka sake gaisawa, suka tambayi ruwan sama, suka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, suka koma kan ruwan sama. Har muka tashi babu wanda ya ambaci mota. Washegari da ya koma da niyyar ko ta halin ƙaƙa sai ya faɗa, Baba na hango motar ya shige masallaci ya tayar da nafila, bai idar ba sai da ya tabbatar an gaji an tafi. Daga baya ya aiko Alhaji Ari ya yi godiya, wai ba zai mayar da uban jikokinsa direba ba.

To ga yadda yake zuwa asibitin. Da safe zai fito bakin titi da sandarsa ya tsaya. Motoci na wucewa, adaidaita na tsayawa suna yi masa hon, ko kallonsu ba ya yi. Shi sai motar Maiwada, wata tsohuwar hayis da ke tasowa daga Ajingi, wadda ba ta barin tasha sai ta cika maƙil. A cikinta Inna ke aiko masa da fura da dambu. Yana shiga zai fara ɗaukar labari, an yi ruwa jiya ko ba a yi ba, geron wa ya fara ciki, matar wa ta sauka, wa ya rasu. Maiwada, direban motar, ya yi ya yi da shi ya zauna a gidan gaba don ya miƙe ƙafa, ya ƙi. Sai dai kujerar bayan direba, jikin taga, inda sai an tayar da mutum uku da buhu kafin ya fita. In sun isa tasha kuma ya hau adaidaita zuwa asibiti.

Kafin duk a gama wannan, layi ya yi nisa. Sau da yawa yana isa an rufe karɓar kati, ya juyo ba a yi masa komai ba, kuma ba zai faɗa wa kowa ba. Ma'aikaciyar da ke yi masa gashi ce ta kira ni, don lambata ce a katinsa. Ta ce min gaskiya in ya ci gaba da tsallake ranaku haka, hannun zai iya sandarewa, kuma in ya sandare ya tafi ke nan. Anti, mutumin da bai san komai ba sai fartanya. Ina zai sa kansa?

Sannan satin da ya wuce ya faɗi garin saukowa, ƙafar ta harɗe da buhu, gwiwarsa ta kurje. Wannan ma ba daga bakinsa na ji ba. Aisa ce ta gaya min, wata 'yar garinmu da ke kawo man gyaɗa da ƙuli-ƙuli cikin gari a motar. Ita ce kuma ta faɗa min abin da ya fi ci min rai. Gidanmu ana hango ƙofarsa daga babban titi, a hannun hagu in an fito daga Mariri, akwai darbejiya a gaba. Ta ce kullum in motar ta doso wurin sai Baba ya yanke hira, ko da shi ke magana, ya gyara hula, ya juya ga taga har sai an wuce. Ni kuwa a daidai lokacin ina nan bakin ƙofa ina saka yara a adaidaitar makaranta, ban san komai ba. Wato kullum sai ya wuce ta gabana da ciwonsa, bai taɓa cewa a tsaya ya sauka ba. Ina son Babana, Anti, ina son sa sosai, amma na fara jin kamar ni ce ba ya son jinyata.

Abu biyu nake saƙawa. Ko in roƙi ma'aikaciyar nan ta ce masa likita ya hana shi hawa motar haya, ko in bari ya tafi asibiti in je in kwaso kayansa in kawo gida, in ya dawo ya tarar an gama. Maigidana ya ce babu hannunsa a ko ɗaya. Ke me kika gani?

'Yar fari, daga Tarauni.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar fari. Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma ki share hawayenki, don wasiƙarki ta sa ni murmushi fiye da yadda kike zato.

Bari mu fara kawar da shawarwarinki biyu, don duk ba su yi ba, kuma maigidanki ya yi gaskiya da ya zare hannunsa. Kada ki sa ma'aikaciya ta yi ƙarya da sunan likita. Ranar da Baba ya gano, ba zai ƙara yarda da maganar asibitin ba, har wadda take gaskiya. Kwaso kayansa kuma, ina tabbatar miki ba ɗakin fenti zai nufa ba. Motar Maiwada zai bi ya koma Gafasa, gashin ya tsaya gaba ɗaya. Ciwo ya riga ya karɓe masa hannu, ya raba shi da gonarsa a tsakiyar damina. Abin da ya rage masa shi ne kunyarsa da ikon cewa ga inda zai kwana. Ki bar masa su. Maganar maƙwabta kuwa, ki ce musu yana wajen amininsa, gaskiya kika faɗa.

Amma ke ma kina da gaskiya, kuma taki ta fi gaggawa. Hannun nan ba ya jiran kowa ya gama kunya. Ki je asibitin da ƙafarki ki zauna da ma'aikaciyar. Ki tambaya ko za a iya mayar da shi sahun masu zuwa da hantsi, ko kuma ke ki riƙa sammako ki ajiye masa kati a layi kafin ya iso. Ki nemi Maiwada ki gaya masa abin da aka ce game da hannun, ba tare da rage komai ba, don ya san ba fasinja kawai ya ɗauko ba, ya daina loda buhu a gaban kujerar, ya kuma riƙa kama shi in zai sauka. Ranar da motar ta makara, Alhaji Ari ne zai iya tura shi cikin adaidaita ya tafi. Abin da suruki ba zai iya furtawa ba, da abin da 'yar fari ba za ta iya ba, aboki zai faɗe shi yana dariya. Ku riƙe Alhaji Ari da kyau. Maigidanki ya ci gaba da zuwa gaisuwa, ya bar motar a nesa, ya daina korar bawan Allah zuwa nafilar dole. In kuma jikin ya ƙi, Allah Ya kiyaye, sai a zauna da Inna da su Abdulsalam a nema masa ɗaki kusa da asibiti, ɗaya daga cikinsu ya zauna da shi.

Motar nan kada ki raina ta. A cikinta yake jin an yi ruwa a gonarsa, a cikinta yake shan furar matarsa. Mutumin da aka ɗauke daga garinsa, garin ne ke biyowa ta Mariri kowace safiya ya ɗauke shi. Wannan ma magani ne, ko da ba likita ya rubuta ba.

Yanzu ga abin da ya sa ni murmushi. Ki koma ki karanta wasiƙarki. Kin ce ƙofarku tana hannun hagu. Kin ce an ba shi gidan gaba ya ƙi, ya zaɓi bayan direba, jikin taga, kujerar da ta fi kowace wuyar fita ga mai ciwon ƙafa. Gidan gaba a dama yake, 'yata, daga can ba a ganin darbejiyarku da kyau. Kin ce yana barin motoci suna wucewa, yana jiran wadda ke isowa daidai lokacin da kike bakin ƙofa da yara. Har hula yake gyarawa. Wanda ba ya son ki ba ya gyara hula don zai wuce ta ƙofarki. Baba ba wuce ki yake yi ba, zuwa ganin ki yake yi kullum, ta hanyar da tarbiyyarsa ta yarje masa. Ƙila ma a kan haka ya kurje gwiwa.

Don haka tunda shi ba zai sauko ba, ke ki hau. Ki nemi izinin maigidanki, ki ce da Maiwada ya ajiye miki wuri. In kin sallami yara ki tsallaka titi ki tsayar da motar. Kada ki zauna kusa da shi, za ki takura shi. Ki gaishe shi a taƙaice ki wuce kujerar bayansa, ki bar shi da hirar geronsa. In an isa tasha ki riga shi sauka ki karɓi sandar, a asibiti ki riƙe masa kati. Ba zai ce ki zo ba, ba kuma zai ce kin kyauta ba, sunanki ma kada ki sa ran ji. Ke dai ki lura da abu ɗaya, in kina cikin motar, ki ga ko zai ƙara leƙa tagar nan.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya mayar da shi gonarsa da hannuwansa biyu, Ya yi miki albarka ke da maigidanki. Ki gaishe min da Baba, in ya tambaya ki ce wata ce ta ce a gaishe da uban waccan.