Sun ce in sauya batun bincikena

Daren Laraba, Makarfi

Na dawo daga jami'a jikina duk a mace. Malamin da ke duba aikina ya samu aiki a ƙasar waje, ya tafi. Wanda aka ba ni a madadinsa shafin farko kawai ya karanta, ya rufe. Ya ce, "Hajara, ba mai iya duba miki wannan a nan. Ki koma kan wutar sola."

Tun bara nake lissafin yadda tauraro ke jan wata ƙatuwar duniya da ke zagaya shi kusa-kusa, yana matsa ta, har zagayen nata ya riƙa tsukewa. Saura kaɗan in gano ko wadda nake bincike a kanta za ta faɗa cikinsa.

Inna ta ajiye min tuwo, ta ce, "Wannan duniyar taki, da mutane a ciki?" Na ce babu, iska ce zalla mai zafi. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Ci abincinki."

Na yi dariya, sai ga hawaye.

Na tura wa tsohon malamin saƙo, bai buɗe ba. Ranar Litinin suke son sabon batu. Kwamfutar na ta lissafinta har yanzu, ba wuta, caji ya kusa ƙarewa, ni kuma na kasa kashe ta.