Igiyar Jirgi a Gidan Suna

Tawa, ƙasar Adar
Watan Yuni, 1964

Zuwa ga yayana Malam Yunusu, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, ya sa albarka a cinikin goro, ya kare ku daga wahalar baƙunta. Mu a nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce kaɗai ke damunta. An samu ruwan shuka, mutanen Barmu da Afala duk sun fita gona, ƙanenmu Arzika ma ya tafi ƙauye ya shuka gonar gado. Na san labarin haihuwa ya iske ka: Hajaratu, matar ɗanka Attahir, ta sauka lafiya, namiji, kuma sunanka aka raɗa masa. Allah ya raya. Na sa wannan a gaba ne don ka jiƙa maƙoshi, domin abin da ke biye ɗaci gare shi, kuma da fushi nake riƙe da alƙalamin nan.

Yaya, ɗanka yana kwance a asibiti da karyayyen hannu, soja yana gadinsa a bakin ƙofa kamar ɓarawo. An ce za a kai shi Yamai gaban kotun soja. Ga yadda abin ya faru, ka karanta a tsanake, kada ka fara da cewa haƙuri.

Akwai wani ƙaramin jirgin soja da yakan biyo ta nan, yana kwaso marasa lafiya daga arewa. Kwanakin baya ya sauka filin jirgi da ciwo a inji, aka ce sai an aiko da ƙarfen gyara daga Yamai. Matuƙinsa mutum ne mai hankali. Kafin ya bi mota ya tafi, ya kafa turaku cikin ƙasa, ya ɗaure fukafukan biyu da wutsiya da igiyoyi masu kauri, ya lulluɓe jirgin da babban tamfol, ya ce kada wanda ya taɓa, domin lokacin hadari ne. Ka san iskar farkon damina a Adar, wadda take yaye rufin rumbu ta ajiye shi a gonar maƙwabci. Jirgin nan kuwa don ya hau iska aka ƙera shi, ba ya jiran a roƙe shi.

To, ranar suna ta zo. Attahir, da yake wannan ne ɗansa na fari, kunya ta hana shi zama gida, sai ya roƙi manyansa a soja su ba shi gadin filin jirgi ranar, don ya ɓuya daga tsiyar abokai. Da sassafe sai ga surukinsa, Ajidan Dodo, mai muƙami a soja, abokinka na ƙuruciya, mahaifin Hajaratu, ya zo da mota. Ya ce jikansa na fari ba za a yi taronsa cikin rana ba, kuma zanar da aka kafa ta yi kaɗan. Ya sa aka yaye tamfol, aka kwance igiyoyin, har turakun aka tumɓuke, ya ce aro ne, kafin azahar zai mayar. Attahir yana tsugune, kai a sunkuye. Me zai ce? Ga shi na gaba da shi a soja, ga shi suruki wanda ko sunansa bai taɓa kamawa da bakinsa ba.

Aka kafa rumfa a ƙofar gidan Dodo, rumfar da ba a taɓa ganin irinta a unguwa ba. Maza suka ci goro suka watse, mata muka gaji wurin. Ni ma na zauna a ƙarƙashinta, na sha fura, har na yaba inuwar, don ban san daga inda ta fito ba. Azahar ta yi, aka tuna wa Dodo, ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce garau take, a bar mata su yi shagalinsu. Bayan la'asar gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi ƙirin. Tsuntsaye suka yi tsit. Kafin mu tattara ƙwarya da tabarmi iska ta iso, tamfol ya kumbura kamar cikin saniya, maza suka rataye a jikin igiyoyi suna kabbara don kada ya tafi da katangar gida.

A daidai lokacin ɗanka yana fili shi kaɗai da jirgi tsirara. Ya jera duwatsu gaban ƙafafunsa, ya kwance ɗamararsa ya ɗaure fiffike ɗaya a kututture, sannan ya rungumi ɗayan da hannuwansa. Ka ji, mutum yana kokawa da iskar Adar da ɗamarar wando! Iska ta ɗaga jirgin da shi duka, ta kifar, ta ja su har bakin ƙayoyi. Fiffike ya karye, farfela ta lanƙwashe, wutsiya ta tsage. Wasu Buzaye masu raƙuma da suka fake kusa su suka zaro shi daga ƙarƙashi. Da ba don su ba, da ranar suna ta zama ranar jana'iza.

Kumandan bariki ya tambayi Attahir ina igiyoyi, ina tamfol. Ya ce shi aka damƙa wa amanarsu, kuma ba shi da abin da zai ƙara. Aka sake tambaya, ya sake faɗin haka. Yanzu zancen da ke bariki shi ne sayarwa ya yi don hidimar suna. Rabin garin nan ya zauna a inuwar tamfol ɗin, amma kowa ya zama kurma. Shi kuwa tamfol an naɗe shi, ya ɓace.

Na je wurin Dodo. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, kada ka ce ban yi ladabi ba. Ya ce mini iska ta Allah ce, kuma ƙaddara ba ta da magani. Na ce na yarda Allah ya aiko iska, amma ban ji an ce ya aiko mala'ika da mota ya kwance ƙulli ba. Na tuna masa abin da muka karanta gaban Baba tun muna riƙe da allo, cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Ya ce furfurarsa da galansa na muƙamin soja ba za su zube don maganar mace ba, wai yaro ƙuruciya gare shi, ko an kore shi zai sami wata sana'a. Na ce masa ɗauri ake magana, ba kora ba. Sai ya tashi ya ce lokacin salla ya yi.

Na je wurin Attahir. Ni na goya yaron nan bayan rasuwar uwarsa, na san inda taurin kansa yake. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na yi kuka, abin da ban saba ba. Ya juya fuska bango ya ce da wane ido zai dubi Hajaratu in ya tona ubanta, kuma me za a gaya wa jaririn in ya girma. Na ce a gaya masa ubansa ba ɓarawo ba ne, wannan bai isa ba? Dattawan gida kuma, har da kawu Talle, sun taru sun ce in rufe bakina, wai zumunci ya fi jirgi. Ni ban ce jirgi ya fi zumunci ba. Shekara nawa ina koya wa 'yan mata a lakwal, makarantar boko, cewa ƙasar nan ta zama tamu, kayanta amanarmu ne, ga shi mun mai da amanar rumfar biki. Amma ko wannan na iya haɗiyewa. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne a yi wa ɗana likkafani da kunya.

Jiya da hantsi na shiga duba mai jego. Hajaratu ba ta ce mini komai ba game da ubanta, kuma ban tambaye ta ba. Da zan fita ta miƙo mini ƙwarya rufe da faifai, ta ce tuwon suna ne da ban samu ba. Na ji nauyinta ya wuce na tuwo. Da na isa gida na buɗe, sai ga igiya a naɗe, da ƙugiyar ƙarfe a bakinta da lambar soja a jiki. Yarinyar nan ta zaro ta daga ƙarƙashin gadon ubanta, tana jego, ta ɗora mini a hannu ba tare da ta buɗe baki ba. Ta kiyaye kunyarta, ta kuma ceci mijinta. Saura mai baki, kuma ka san Allah bai hana ni shi ba.

Masu bincike daga Yamai sun sauka, gobe za su zauna. Takardar nan ba za ta iso ka ba sai an gama komai, saboda haka ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. Zan ɗauki ƙwaryar a kaina, in bi ta tsakiyar kasuwa, in ajiye ta gabansu. Ba zan kama sunan Hajaratu ba ko za a yanka ni, kai ma ka riƙe wannan a cikinka. In Dodo ya rubuto maka cewa ƙanwarka ta raba abotar shekaru, ka ce masa haka ne, kuma hannunka ba ya ciki. Abu ɗaya nake roƙo: ka rubuto wa ɗanka cewa bai yi abin kunya ba, domin daga bakinka kaɗai zai yarda.

Ka gaishe mini da Kadidiya da yara, da Sabo, da Balki da mai gidanta, da dukan mutanen Adar da ke zango. Inna tana sa maka albarka. Takwaranka yana gaishe ka da kuka mai ƙarfi, kuma in Allah ya yarda a hannun ubansa zai koyi tafiya.

Ni ce ƙanwarka, wadda ka sha cewa bakinta zai ja mata,
Kaltumi