Tukunyar Ruwan Zafi Na Raba Ni Da Mahaifiyata

Zuwa ga Alhaji, wakilin mai gidan da muke haya a unguwar Malaz, birnin Riyad.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Mamman tela, na hawa na biyu, ɗakin da ke jingine da tukunyar dumama ruwan gidan nan, wadda a nan ake kira sakkan. Na liƙa wasiƙar nan a ƙofar shiga ne saboda sau uku ina aika saƙo ta bakin mai gadi, sau uku yana ce mini bukura insha Allahu, wato gobe. Goben nan tasa har yau ba ta waye ba.

Na ɗaya, ga abin da ke faruwa. Ina ɗinki a unguwar Batha kwana shida a mako, Juma'a kaɗai nake hutu. Mahaifiyata tana ƙauye, ta tsufa, ba ta riƙe waya. Juma'a ce ranar kasuwarmu, ranar ne ƙanwata Hajara ke samun mota daga birni ta kai mata waya da misalin takwas na safe, ƙarfe goma ke nan a nan. Rabin sa'ar da muke yi a waya ita ce duk rabona da gida a mako. Tun shigowar sanyi, da mun fara gaisawa sai hoto ya daskare, murya ta tsinke, na'urar intanet ɗina ta mutu ta sake tashi. Kafin ta dawo, tsohuwa ta manta inda ta tsaya.

Na biyu, zan faɗi laifina kafin in faɗi na wani. Wata biyu ina ɗora abin a kan gida. Wanda ya tashi inda wuta ke zuwa kamar baƙuwa ba zai taɓa zargin bangon Riyad ba. Na sa Hajara ta sauya layi, na sa ta hau tudun bayan masallaci da tsohuwa tana dogara sanda. Har na ce mata rowar data take yi. Ta yi kuka, ni kuwa ina ganin na faɗi gaskiya.

Na uku, yadda na gano. Wata Juma'a da kira ya yanke, ɗakin ya yi tsit kamar kullum, sai na ji ƙas daga bayan bango, fitila ta ƙifta. Na cire firji, na cire dutsen guga, na kashe komai na bar na'urar kaɗai. Bango ya sake yin ƙas, ta sake mutuwa. Na ɗauko ƙaramar rediyona ina bin bango da ita. A bakin ƙofa lafiya lau take magana, a kusa da tukunyar kuwa sai ƙara kamar ana suya. Wani mai gyaran wuta da nake yi wa ɗinki ya leƙa, ya ce makunnin da ke tayar da tukunyar idan ruwa ya huce ne ya cinye, tartsatsi yake yi, kuma layinta ɗaya da ɗakina. Dalilin da ya sa sai Juma'a kuwa a fili yake: a daidai lokacin ne duk gidan ke wankan Juma'a. Na maida na'urar kowane soket, babu bambanci. Layin waya kuma ba ya shiga ɗakin sosai, matakala kuwa, inda yake kamawa, cike take da hayaniyar masu tafiya masallaci, tsohuwa ba ta ji.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni haƙuri. Mahaifiyata ba ta san intanet ba. Abin da ta sani shi ne tana cikin magana ɗanta ya ɓace. Makon jiya Hajara ta kai waya, tsohuwa ta ƙi karɓa. Ta ce a daina damun yaron nan, aiki ya yi masa yawa, shi ya sa yake kashewa. Yaron nan ya haura hamsin, Alhaji, kuma ranar yana zaune ne a bakin katifa da wankakkiyar riga, babu wanda zai ce masa sannu. Na ji ciwon maganar nan ƙwarai.

Roƙona bai da yawa. A sauya makunnin, a raba wa tukunyar layinta. Idan hakan zai ɗauki lokaci, a ba ni izinin kashe ta rabin sa'a ranar Juma'a. Maƙwabta, ku gafarce ni, ruwan da ke ciki zai ishe ku.

Idan kana shakka, ka zo Juma'ar nan da ƙarfe goma ka ji da kunnenka. Zan dafa shayi, kai ne baƙon farko a ɗakin nan bana. In Allah Ya sa ta karɓi wayar, ina roƙon ka gaya mata da bakinka cewa ba ni nake kashewa ba. Maganar babba za ta fi tawa shiga.

Allah Ya ƙara maka lafiya. Idan mahaifiyarka na raye, Allah Ya bar muku jin muryar juna.

Wassalam.

Mamman tela, hawa na biyu.